Koyarwa da rubutun ƙagaggun labarai: ya Abubakar Imam ya haɗa su, ya ake haɗa su yanzu?

Malama Ta-Funtuwa:

Assalamu alaikum malamaina da iyayena. Tambayata kashi biyu ce. Duk lokacin da ake maganar malamin makarantar da ya zama marubuci, Abubakar Imam ake kawowa misali: ya koyar, ya rubuta ƙagaggun labarai, ya yi aikin jarida, ya shiga siyasa, ya rubuta littattafan addini da na kimiyya. Ina son sanin wanne ya riga wanne, kuma shin a lokaci guda ya riƙe su duka? Na biyu, malamin sakandare na yau mai aji huɗu ko biyar, wanda yake da labari a kansa, ta ina zai fara har littafi ya fito? Lokaci, yawan kalmomi, maɗaba'a, dokar aiki, duk ina son ji. Allah Ya saka da alheri.

Baba Mai Alli:

Wa'alaikumus salam 'yata. Bai riƙe su lokaci guda ba, bi da bi suka zo, kuma idan kika jera shekarun za ki ga abin da masu yabo ba su cika faɗa ba.

An haife shi a Kagara a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya gama a 1932, aka tura shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman masu rubuta labari a zube cikin boko, aka sa gasa. Ruwan Bagaja daga nan ya fito, Imam yana ɗan shekara 22. Ki lura da sauran waɗanda suka yi fice a gasar: yayansa Bello Kagara mai Ganɗoki malami ne, Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar malami ne a Midil ta Bauchi. Ba abin mamaki ba ne, don a wancan zamani malaman makaranta ne mafi yawan waɗanda suka iya sarrafa rubutun boko har su cika shafi hamsin.

Sai Magana Jari Ce. Wannan ba a tsakanin darasi da darasi ya rubuta shi ba. A 1936 aka ɗauke shi daga aji, aka kai shi Zariya wajen wata shida, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Turawa da na Indiya, ba shi da wani aiki sai karatu da rubutu, ga kuma East yana duba abin da ya rubuta. Littafi uku suka fito daga wannan zama. Daga nan ya koma koyarwa, sai kuma a Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya zama editanta, ya riƙe ta wajen shekara goma sha biyu. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, wadda Nnamdi Azikiwe ma yana ciki, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilimi. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya shiga majalisa a farkon shekarun 1950, daga baya ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata. Ya rasu a 1981.

To ga abin lura. Manyan ƙagaggun labaransa duka a shekarun 1930 ya yi su, lokacin yana malami. Bayan ya shiga jarida bai daina rubutu ba, amma alƙalamin ya karkata zuwa labarin tafiya, tarihin Musulunci da littattafan ilmantarwa. Ɓalewa kuwa daga Shaihu Umar bai sake wani ƙagaggen labari ba, siyasa ta tafi da shi har ya zama Firayim Minista a 1957. Abin da nake karantawa a nan shi ne koyarwa ba ta kashe ƙagaggen labari, don tana da hutu. Aikin da ba shi da hutu shi ke kashe shi: jarida, ofis, kujerar mulki. Malamin da yake son rubutu ya yi hattara da ranar da za a ce an ba shi mataimakin shugaban makaranta ko jami'in jarrabawa.

Malam Na-Tudun Wada:

Baba, Allah Ya ƙara girma, shekarun da ka jera haka suke, amma ban yarda a ce jarida asara ce ga Imam ba. Hausar da muke rubutawa yau a zube, da yawa a shafukan Gaskiya aka gyara mata zama: yadda ake gina jimlar labari, yadda ake ƙirƙiro wa baƙon abu suna. Kuma Ikon Allah da suka yi da East, kan halittu da yadda duniya ke gudana, mai iya ba da labari ne kaɗai zai rubuta shi yara su karanta ba su yi gyangyaɗi ba. Yawan abubuwan da mutum ke sha'awa ba ya rage masa, idan ya san inda zai zuba su. Ko a zamaninmu ga Yusuf Adamu na Jami'ar Bayero, fanninsa labarin ƙasa ne da ya shafi lafiya, kuma ga shi da ƙagaggun labarai da waƙoƙi.

Malama, ni abin da zan so ki ɗauka daga Magana Jari Ce shi ne gininsa, don ya dace da mai ƙarancin lokaci. Akwai uwar labari guda ɗaya: aku yana tsare Musa ɗan Sarki da labarai don kada ya fita. A cikinta aka zuba ƙananan labarai, kowanne da farkonsa da ƙarshensa. Mai koyarwa zai iya gama ƙaramin labari ɗaya a Asabar da Lahadi, ya ajiye, ko ya yi mako uku bai koma ba zaren bai tsinke ba. Dogon labari mai taurari goma sha biyar kuwa, idan kika bar shi wata guda, sai kin sake karanta shi daga farko kafin ki ƙara layi ɗaya, in ba haka ba wadda kika ce marainiya ce a babi na biyu sai ga uwarta tana rabon goro a babi na tara.

Sai maganar ɗauko labarin wasu a mayar da shi na gida, wadda Imam ya ƙware a kai. Canza suna kaɗai ba ya isa. Ana canza sarauta, sana'a, abinci, kuɗi, sannan abin da ya fi wuya: dalilin da ya sa tauraro ya aikata abin da ya aikata. Idan a asalin labarin budurwa ta gudu daga gida don an hana ta rawa, a Katsina wannan dalili ba zai ɗauki nauyin labarin ba, sai an nemo wanda mai karatu zai yarda da shi. Nan ne akasari ake faɗuwa: sunaye na Hausawa, hali na wasu mutane. Kuma tsofaffin tatsuniyoyi ake yi wa haka. Littafin marubucin da ke raye ko fim ɗin bara yana da mai shi.

Game da sha'awoyi, shawarata a ba kowane littafi fanni ɗaya. Malamin kimiyyar noma da ya san yadda tsutsa ke cin masara, da lokacin da ake zuba taki kashi na biyu, da yadda ake cin bashi da bazara a biya da kaka, yana da abin da marubuta ɗari ba su da shi. Ya gina labarin a kan wannan. Inda abin ke lalacewa shi ne idan malanta ta rinjaye shi, tauraro ya tsaya tsakiyar rigima yana karanto darasi shafi biyu. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: duk maganar da ta wuce layi shida babu wanda ya katse ta, a sake dubanta.

Hajiya Mai Jan Biro:

Ƙanwata, bari in yi miki lissafin lokaci, don a nan ake yaudarar kai.

A ce kina da aji huɗu, kowanne ɗalibai 60. Insha'i ɗaya, minti uku kowace takarda, awa uku ke nan a aji guda, awa 12 a duka huɗun. Ki ƙara rubuta tsarin darasi, gwaji, jarrabawar ƙarshen zango da cike sakamako. Saboda haka makonni ukun ƙarshe na kowane zango ki cire su daga lissafi gaba ɗaya, kada ma ki ji haushin kanki. Abin da ya rage shi ne farkon zango da tsakiyarsa, ƙananan hutu biyu, da dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba.

Ki raba aikin gida biyu. Cikin zango a yi abin da ke jure katsewa: tsara labari babi-babi a shafi biyu, rubuta takardar kowane tauraro da shekarunsa da danginsa da irin maganarsa, tara bayanai, gyaran abin da aka riga aka rubuta. Sabon rubutu a bar wa hutu. Kalma 600 a rana, kwana 40, ya ba ki 24,000. Shafin ƙaramin littafi yana cin kalma 250 zuwa 300, wato kin sami littafi mai shafi 80 zuwa 96. Kalma 600 aikin awa ɗaya da rabi ne ga wanda ya san inda labarin ya dosa, kuma bayan sallar asuba ya fi, kafin gida ya tashi. Wanda ya zauna bai tsara ba, awa uku zai yi yana goge layin farko.

Idan an gama, a rufe shi aƙalla mako huɗu. Zangon farko na sabuwar shekara ya isa wannan. Sannan gyara sau uku, kuma kada a haɗa su. Na farko na gini: wane babi ne idan an cire shi ba abin da ya rushe? A cire shi. Na biyu na harshe, a karanta da ƙarfi, kunne yana kama jimlar da aka gina da ƙashin Turanci inda ido ya wuce. Na uku na ƙa'idojin rubutu.

Wannan na ukun shi ne abin kunyar malami idan ya gaza, kuma kurakuran sanannu ne. Ana haɗe abin da ya kamata a raba: a rubuta "yace" maimakon "ya ce", "shine" maimakon "shi ne", "za'a" maimakon "za a". Ana raba abin da ya kamata a haɗe: "littafin sa" maimakon "littafinsa". Ana watsi da lanƙwasa, sai ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Ki kuma zaɓi gefe ɗaya ki tsaya a kai: a Nijeriya ana rubuta 'ya'ya da ɗigon sama, a Nijar ƴaƴa da lanƙwasa. Idan masu karatunki har da na Maraɗi da Damagaram, za su karanta kowanne, gauraya su a littafi ɗaya ne ba ya kyau. Karin harshe kuma a bar shi a bakin taurari. Basakkwace ya yi Sakkwatancinsa a cikin zance, mai ba da labari ya tsaya a daidaitacciyar Hausa.

Wani abu da ba a faɗa wa malamai: kada ɗalibanki su zama masu duba miki rubutu. Ba za su ce bai yi ba. Haka malamin da ke ƙarƙashinki. Ki nemi mutum biyu da ba su da abin da za su samu a wurinki, ɗaya mai karatun labarai don nishaɗi, ɗaya masanin ƙa'ida. Kafin dogon littafi, ki gwada hannu da gajere. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, tana tilasta wa mutum ya gama labari cikin kalmomi kaɗan, kuma wannan horo ne ko ba a ci ba.

Malama Ta-Funtuwa:

Na gode Yaya Hajiya, na gode Baba da Malam. To idan rubutu ya kammala, a kai wa kamfani ko mutum ya buga da kansa? Kuma me ya sa wasu littattafan ke fitowa da baƙaƙen alamomi a wurin ƙ da ɗ?

Alhaji Mai Maɗaba'a:

Malama, in fara da ta biyun. Kafin haruffan kwamfuta na yanzu su zo da ƙ, ɗ, ɓ a cikinsu, an yi wasu na musamman da aka ɗora lanƙwasar a kan maɓallan baka da makamantansu. Idan aka buɗe irin wannan rubutu a kwamfutar da ba ta da waɗancan haruffa, sai ki ga }asa a wurin ƙasa, ]aya a wurin ɗaya, ~angare a wurin ɓangare. Wani lokacin kuma rubutun na zamani ne, amma mai tsara shafi ya zaɓi nau'in harafin da ba shi da lanƙwasa, sai kwamfuta ta ciko gurbin da ɗan akwati ko wani harafi mai siffa dabam. Magani: ki rubuta da madannai na Hausa irin wanda ke cikin manhajar Gboard ta wayar salula, a tsara da harafi irin Charis SIL ko Gentium, a mayar da shi PDF da haruffan a cikinsa, kuma PDF ɗin za a kai maɗaba'a. Kada ki yarda a kunna inji sai an fitar miki da kwafi ɗaya a takarda, kin karanta shi daga bango zuwa bango, kin sa hannu. Kuskuren da aka gani bayan an yi farantin bugu, kuɗin sabon faranti a kanki yake.

Yanzu lissafi. Girman da aka saba shi ne A5. Injin da ya fi yawa a ƙananan maɗaba'u, Kord 64, yana ɗaukar takarda kusan girman A2, shafi 8 a gaba, 8 a baya, 16 ke nan a falle ɗaya. Shi ya sa ake son yawan shafuka ya rabu da 16: 64, 80, 96, 112. Littafi mai shafi 98 zai sa ki biya wani falle saboda shafi biyu, gara a matse shi ya dawo 96. A shafi 96 falle 6 ne kowane kwafi, faranti 12. Kwafi 1,000 falle 6,000 ne, rim 12 tunda kowane rim 500 ne, a ƙara kamar kashi 5 cikin ɗari na wanda zai lalace wajen daidaita tawada. Takardar ciki mai nauyin giram 70 ta fi. Mai 60 ta fi arha amma rubutun baya yana leƙowa. Bango kati mai giram 250 zuwa 300, a shafe shi da leda don gumi da ƙura.

Ɗauri kuma: har zuwa shafi 64 ɗinkin waya a tsakiya ya wadatar. Sama da haka littafin ba ya rufuwa sosai, sai gam ko ɗinkin zare. Gam mara kyau idan ya sha zafin Afrilu a shago yana bushewa, a buɗe littafi shafuka su zubo. Ki karɓi samfurin aikin da suka taɓa yi, ki buɗe shi tsakiya ki danne da tafin hannu. Idan ya tsage, ki nemi wani wuri.

Kuɗin faranti da tsara shafi ɗaya ne ko kwafi 200 za a buga ko 2,000, shi ya sa kwafi kaɗan ke tsada kowane guda. Amma kada wannan ya ja ki ki buga dubu biyu a karon farko. Mai shago yana karɓa ne a kan sai an sayar, ya cire nasa kaso, kuɗin su dawo kaɗan-kaɗan, ragowar littafin yana ɗaki gara tana aiki. In ana son gwaji, a buga 100 zuwa 200 da injin dijital, ba ya buƙatar faranti.

Kamfani kuwa, irin NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) ta Zariya da aka kafa a 1966, wadda ke buga littattafan Imam, su ke ɗaukar kuɗin bugu da rarrabawa, marubuci ya karɓi kaso, galibi wajen kashi 10 cikin ɗari. Sai dai sun fi son abin da makarantu za su saya, kuma jira yana da tsawo.

Lauya Ɗan-Birni:

Ranki ya daɗe Malama, saura ɓangaren doka, wanda malaman gwamnati ke tsallakewa.

Kundin tsarin mulki na 1999, a Jadawali na Biyar inda ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata suke, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, ban da noma. Ma'aikatan makarantun gwamnati suna ciki. Malamai sun daɗe suna rubuta littattafai suna karɓar kasonsu, amma buɗe kamfanin ɗab'i da sunanki kina gudanar da shi wani abu ne dabam. Kafin ki yi rajistar irin wannan, ki zauna da lauya. Mai koyarwa a makarantar kuɗi kuma ya karanta takardar ɗaukarsa aiki.

Haƙƙin mallaka yana tabbata da zarar an rubuta, ba sai an yi rajista ba, kuma a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 yana nan tsawon ran marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa. Wato littattafan Imam ba su zama na kowa da kowa ba tukuna, mai ɗora su a intanet ko juya su fim ba izini ya sani. Rajista da hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa ganin dama ce, amfaninta hujja ranar rigima. Ki kula da wannan: abin da aka sa ki rubuta a bakin aikin gwamnati, kamar littafin karatu da ma'aikata ta ba ki kwangila, haƙƙinsa na iya zama na gwamnati idan ba a yi wata yarjejeniya ba. Don haka labarinki ki yi shi a lokacinki, da na'urarki.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa, suna da ofisoshi a jihohi. Ki karɓa da kanki. Idan maɗaba'a ta ba ki daga cikin nata, a takarda ita ce mawallafiya. Bayan bugu doka ta ce mai bugu mai zaman kansa ya kai musu kwafi uku. Wanda zai sayar a Kano ya tuna Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, huruminta ya haɗa da littattafai.

Idan za ki sa hannu da kamfani, abu huɗu ki nema a rubuce: kason nawa ne kuma daga wane farashi, na bango ko na sari, yaushe ake lissafi, shekara nawa suka riƙe haƙƙin, kuma haƙƙin fim da na karantawa a rediyo da na sauti na wane ne. Na ƙarshen nan kada ki bayar da shi kyauta a cikin jimla ɗaya, don littattafan Hausa da yawa a can suka fi kawo kuɗi.

Baba Mai Alli:

Lauya ya tuna mini abu guda. 'Yata, kada ki sa littafinki dole a ajin da kike koyarwa, ko ki ɗaura shi da makin gwaji. Iyaye suna kai ƙara, kuma suna da gaskiya. Hanyar shiga makarantu ita ce a miƙa littafin ga sashen ma'aikatar ilimi ta jiha da ke tantance littattafai, ko NERDC, hukumar tsara manhajar ilimi, a tarayya, su duba su sa shi cikin jerin da aka amince. WAEC da NECO kuma suna sauya littattafan adabi ne bayan 'yan shekaru, ba kowace shekara ba, kuma suna son wanda ake samu a kasuwa da yawa. Masu tantancewa suna fara duba ƙa'idar rubutu, dacewa da shekarun yara da ingancin ɗauri, saboda haka kwafin da za ki miƙa ya zama na bugu na biyu, bayan an gyara kurakuran da masu karatun farko suka tsinto.